Yadda noma ya zama sana'ata a gefen Dadin Kowa

A garinmu da ke ƙaramar hukumar Yamaltu/Deba a jihar Gombe, ba a zaunar da yaro a koya masa noma. Yana tasowa zai tarar da gandu, a miƙa masa 'yar fartanya daidai hannunsa, ya bi bayan yayyensa. Huɗa, shuka, noman fari, maimai, girbi, duk da ido ake ɗaukarsu. Abin da ba wanda ya nuna mana shi ne yadda mutum zai rayu wata goma sha biyu da gonar da sau ɗaya take biya a shekara. Daga Mayu zuwa Satumba kuɗi fita kawai yake yi. Ya shigo a dunƙule cikin Oktoba da Nuwamba, daidai lokacin da kaya ba su da daraja, kafin bazara kuma ya ƙare ƙarƙaf. Toshe wannan giɓi shi ne aikina tun 2018, shekarar da na dawo gida da takardar difloma bayan neman aiki a Gombe ya ƙi ci ya ƙi cinyewa.

Farko dai ƙasa. Saurayi a wurinmu gayauna yake da ita, ɗan yankin da uba ke yanka masa a gefen gandu ya riƙa taɓawa da yamma in an tashi daga aikin gida. Tawa ba ta kai rabin eka ba. Na sami Baba a zaure bayan isha'i, na ce, "Baba, ina so a ƙara mini wuri. So nake in noma abin sayarwa."

Ya ce, "To, mu wanda muke nomawa na zubarwa ne?"

Bai ƙara ko uffan ba. Bayan 'yan kwanaki ya turo Hamma, babban wanmu, ya kai ni wata gonar tudu da aka daina shukawa, kusan hekta guda. Hamma ya zagaya da ni iyakokinta, ya ce, "Ga ta nan. Dawa ta ƙi, masara ta ƙi. In karatunka zai sa ta yarda, bismilla." Sharaɗin Baba ɗaya ne: safiya ta gandu ce, yamma tawa. Na bi sharaɗin har shekara biyu, kuma ban ɗauke shi zalunci ba, tunda tuwon da nake ci daga gandun yake fitowa.

Ciyawar nan wuta-wuta ce ta kashe gonar. Wani malamin gona na shirin bunƙasa noma na jiha, wanda kowa ke kira A.D.P., shi ya yi mini bayanin da ya sauya mini lissafi. Irin wuta-wuta na iya kwana shekaru a cikin ƙasa yana jiran saiwar dawa ko masara ko gero ya maƙale mata. Amma akwai amfanin gona, irin su riɗi, waken suya da gyaɗa, waɗanda saiwarsu ke sa irin ya tsiro, ya rasa abin kamawa, ya mutu. Ga shi kuma ba sa cin taki kamar masara. Ga wanda jarinsa duka kuɗin tunkiya biyu ne da Inna ta sayar ta ba shi aro, babu wata shawara da ta wuce wannan. Na raba gonar: kashi biyu riɗi, kashi ɗaya wake.

Riɗi abu ne mai sauƙin shuka mai wuyar girbi. Cikin Yuli ake shuka shi, bayan ruwa ya zauna. Ƙwayar ƙanana ce ainun, kimanin kilo 4 ya ishi hekta, don haka ake cuɗa ta da yashi kada ta zube wuri ɗaya. Makonnin farko ne masu haɗari, domin tsiron ba shi da ƙarfi, ciyawa na rufe shi cikin ƙanƙanen lokaci. Ba ya son ruwa ya kwanta masa. Da ya kai wata uku, ganyen ƙasa ya fara rawaya yana kakkaɓewa, lokacin yanka ya yi, ko da kana da ɗaurin auren amininka a ranar. In ka bari ya bushe a tsaye, kwanson zai buɗe, tururuwa da kurciya su yi kakarsu. Ana yankawa a ɗaure dami-dami, a jingina su tsaye har su bushe, sannan a kifa su a kan tamfol a kakkaɓe. Tamfol ɗin nan na jinkirta sayen takalmi na saye shi. Masu kakkaɓewa a kan ƙasa suna kai yashi kasuwa, a rage musu kuɗi.

A kakar farko na tashi da buhu 3 na riɗi da buhu 2 na wake. Ba abin a zo a gani ba ne. Amma a nan na fara ganin yadda kasuwa ke tafiya, domin na ƙi sayarwa a ƙofar gida, na bi motar kaya zuwa Tudun Hatsi a cikin Gombe. Riɗinmu ƙasashen waje yake zuwa, Sin da Japan da Turkiyya, kuma masu saye a Tudun Hatsi yawanci wakilan masu fitarwa ne. Mutum zai cusa hannu cikin buhu har gwiwar hannu, ya ɗebo na ƙasa, ya hura, ya duba tafinsa. Fari tas marar tsakuwa yana da nasa kuɗin, mai datti yana da nasa. Sai dai kafin ka yi murna, cire kuɗin mota, kuɗin 'yan dako a ɗora a sauke, la'adar dillali, kuɗin buhu, da 'yan karɓe-karɓen hanya. Da buhu 3 kacal, bambancin da ya rage tsakanin farashin ƙauye da na birni bai taka kara ya karya ba. Da buhu 30 kuwa wata magana ce. Tun ranar na san ni kaɗai ba zan iya ba.

A motar dawowa na zauna kusa da wani maƙwabcinmu da ya noma fiye da ni sau biyar, amma ya koma gida da ƙasa da abin da na samu. Bashin nan da ake kira ba da kaka ne ya cinye shi. Cikin Agusta rumbu ya yi ƙasa, masara na neman taki na biyu, yaro ya kwanta zazzaɓi, sai ya je wurin mai kuɗi ya karɓi kuɗin buhu a biya da kaka, a farashin da bai fi rabin abin da buhun zai yi ba. Na ji malamai na cewa irin wannan ciniki yana halatta in an cika sharuɗɗansa, kuma ni ba a nan damuwata take ba. Damuwata ita ce wanda ya shiga sau ɗaya da wuya ya fita, domin kakar bana ta tafi biyan na bara, Agusta mai zuwa kuma zai sake komawa. Ba lalaci ke kai mutum can ba. Rashin abin da zai shigo masa ne tsakanin Yuni da Satumba.

Na sayi littafin makaranta mai shafi tamanin na fara rubuta komai. Iri, maganin feshi, shanun huɗa, ƙwadago, har kunun da aka kai wa ma'aikata. Nawa gumin ma na sa masa kuɗi daidai da abin da zan biya ɗan ƙwadago, domin manomi da yawa na cewa ya ci riba alhali ladan wahalarsa kawai ya karɓa, wani lokaci ma bai cika ba. A bayan littafin na ja layi goma sha biyu, kowane wata da nasa, ina rubuta abin da ya fita da abin da ya shigo. Wata tara babu komai a gefen shigowa. Duk abin da na ƙara a sana'ar nan daga baya, don in cike ɗaya daga cikin layukan nan na ƙara shi.

Littafin ya kuma taimake ni a inda ya fi wuya, wato gida. A ƙauye idan aka ga buhuna a ɗakinka, na kowa ne. Goggo za ta aurar da 'ya, ƙane zai biya kuɗin jarrabawa, aboki zai zo da "taimaka min zuwa kasuwa mai zuwa". Ba za ka hana duka ba, in ka hana ma ba za ka ji daɗin zama ba. Abin da na tsara shi ne, ranar da aka auna amfani, in ya kai nisabi zakka ce farko: ɗaya cikin goma na damina, ɗaya cikin ashirin na abin da aka shayar da inji. Sai kason gida da 'yan'uwa, in miƙa shi hannun Inna, duk mai buƙata wurinta zai je. Sauran jari ne, ba ya kwana a gidanmu ma. Inna ta fi ni iya cewa babu, kuma ba mai yi mata fushi ya daɗe.

Layin farko da na cike na bazara ne, da wake. Waken da ake zubarwa da araha a Nuwamba shi ake nema ido rufe a Afrilu da Mayu. Abin da ke hana mutane ajiyewa ƙwaro ne, wanda tun daga gona yake shigowa da ƙwansa, cikin wata biyu ya mayar da buhu gari. Da yawa suna zuba fiya-fiya ko su jefa ƙwayar magani a tsakiyar buhu. Wannan ɗabi'a ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu a 2015, kuma abin da Bature ya ƙi ci mu muke ci da 'ya'yanmu. Ni buhun PICS nake amfani da shi, mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje. Babu magani ko kaɗan. A shanya wake ya bushe sosai har ya riƙa ƙara in an ciza, a zuba, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban. Iska na ƙarewa ƙwaron ya mutu. Abokan gabansa biyu ne, ɓera da mai buɗewa ya ɗebi tiya guda ya mayar. Ana ɗora shi a kan katako nesa da bango, kuma in an lallaɓa shi yana yin shekara fiye da ɗaya.

Noman rani shi ne babban tsalle. Muna zaune kusa da madatsar ruwa ta Dadin Kowa da ke kan kogin Gongola, wadda aka gina tun shekarun 1980, amma da yawanmu da rani sai dai mu tafi cirani mu bar ruwa na wucewa. Hukumar raya kogin Binuwai ta sama ce ke kula da filayen da magudanan ruwa suka kai, kuma wuri a can ba ya samuwa da sauƙi. Sauranmu gefen kogi muke kamawa haya, mu ja ruwa da inji, ko a haƙa 'yar rijiyar tiyo a fadama. Bayan da gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, shinkafar gida ta yi daraja, kowa ya ruga fadama, kuɗin haya ya tashi. A ranin 2020 na kama rabin hekta. Na sa aka rubuta yarjejeniya a gaban Jauro, wato mai garinmu, da shaidu biyu, har da ranar da zan fita. Mai gonar ya ɗan ji ba daɗi, ya ce, "Ɗana, ni da ubanka ba mu taɓa rubuta komai ba." Na ce, "Baffa, ba don kai ba ne, don waɗanda za su zo bayanmu ne." Ya dangwala.

Shinkafar FARO 44 na shuka, irin da yawancin masu injin casa suka sani suke nema. Ana yafa iri a ɗan fili, bayan kamar mako uku a cire a dasa, tazarar santimita 20 kowane gefe, a bi igiya. Mata ne suka fi iya dashe a wurinmu, kuma jinga suke yi, ba yini ba. Sanyin hunturu na daƙushe tsiro, ya yi ja ya tsaya cak, saboda haka wanda ya yi gaggawar yafi a tsakiyar Disamba sau da yawa tare yake girbi da wanda ya jira Janairu. Daidaita fangali shi ne aikin da ba a gani amma shi ke cin mai: in gefe ɗaya ya fi tudu, sai ka cika ɗaya gefen har wuya kafin ruwa ya hau. Wata huɗu ne tsakanin yafi da yanka. Ka ga kenan kuɗin shinkafa na shigowa cikin Mayu, ana gab da sayen takin damina.

Akwai abu biyu da ba a rubuta su a takardun koyar da noman shinkafa, amma duk mai gona a gefen Gongola ya san su. Na farko dorina. Tana fitowa da dare, kuma abin da garke ɗaya zai ci ya tattake kafin asuba ya fi ƙarfin kuka. Ba a yarda ka kashe ta ba, ko an yarda ma, da me? Sai dai kwana a gona, a hura wuta, a riƙa haska tocila ana buga gwangwani. Mu maƙwabtan gona muka raba dare tsakaninmu. Wanda ya taɓa jin gurnaninta kusa da shi cikin duhu ba sai an ce masa kada ya shiga tsakaninta da ruwa ba. Na biyu jan baki. Da shinkafa ta fara nono tsuntsayen nan za su sauko dubbai, daga fitowar rana har faɗuwarta sai an tsaya a kansu. Igiya mai gwangwanaye, majajjawa, raga ga mai hali, da yaran da za a biya su yi ta ihu. Duk wanda ya yi kasafin noman rani bai sa kuɗin gadi da kuɗin kora ba, kasafinsa bai cika ba.

Shekarar 2023 ta jijjiga mu sau biyu. A farkonta aka shiga rikicin sauya takardun naira 200, 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta ɓace daidai lokacin dashe. Matan da ke mana aiki ba su da asusun banki, kuma ba wadda za ta yini a cikin taɓo a ce mata an tura. Masu POS na cire kaso mai tsoka kafin su ba ka naka. Na buɗe buhun masara na riƙa biya da tiya, a farashin kasuwar ranar, kuma da yawansu sun fi son haka. Sai ranar 29 ga Mayu Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Litar da ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Shinkafar rani kuwa ruwa take sha kamar ba gobe. Wasu sun mayar da injinsu mai amfani da iskar gas, wasu sun bar fadamar gaba ɗaya. Mu uku da gonakinmu ke jere muka haɗa kuɗi muka sayi famfo mai aiki da hasken rana. Yana ja sosai daga hantsi zuwa la'asar, yana rage ƙarfi in hazo ya rufe, shi ya sa ban sayar da tsohon injina ba. Kullum da yamma sai an kwashe faifan an kai gida a amalanke, in ba haka ba da safe ƙarafan kawai za ka tarar.

Turkar raguna ta shigo ne saboda harawa. Ina noman wake ina sayar da harawar da kowar, wato ɓawon waken, da arha ga masu kiwo, sai na ga abin da suke samu a kanta ya fi abin da nake samu. Na fara da 'yan ƙasa guda biyu, daga baya na koma balami da uda masu girman jiki. Ramammu nake saye, masu ƙashi da tsawo, wata uku zuwa huɗu kafin Layya. A ba su maganin tsutsar ciki da rigakafi tun ranar farko, a ware su daga dabbobin gida, sannan harawa, kowa, dusa da ɗan kanwa. Kashinsu ya koma gonar tudun nan, wadda yanzu masara ke yi a cikinta. Wani abin da ya yi mini daɗi shi ne inda Layya ta faɗo a shekarun nan: 28 ga Yuni a 2023, 16 ga Yuni a 2024, 6 ga Yuni a 2025. Kuɗin rago na shigowa ana tsakiyar huɗa da shuka, wato lokacin da maƙwabta ke fara tunanin zuwa wurin mai ba da kaka. Amma Layya na matsowa baya da kimanin kwana 11 kowace shekara. Nan da 'yan shekaru za ta koma cikin rani, dole in nemo wani abin da zai riƙe Yuni da Yuli. Ina duba kajin gidan gona, sai dai tsadar abincinsu na sa ni ja da baya.

Ƙungiyarmu da adashi ta fara, mu goma, duk sa'o'in juna. Da muka ga ba wanda ya gudu da kwasarsa, muka yi rajista a matsayin ƙungiyar gama kai, muka buɗe asusu mai sa hannun mutum uku. Amfaninta na zahiri biyu ne. Muna cika mota guda da riɗi mu kai Tudun Hatsi, mu yi ciniki da baki ɗaya. Muna kuma sayen taki a dunƙule cikin Maris ko Afrilu daga babban dila, kafin ruwa ya sauka farashi ya tashi, gurɓatacce ya cika kasuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Masara mai cin taki ce: malaman gona na ba da shawarar buhu 8 na kamfa 15:15:15 da kusan buhu 3 na yuriya a hekta, a binne shi kusa da gindi maimakon a watsa rana ta shanye. A 2017 akwai kamfa na shirin shugaban ƙasa a naira 5,500. Yau in ka faɗa wa yaro haka sai ya ɗauka tatsuniya ce.

Ana yawan tambayata bashin banki ko na gwamnati. Shirin bashin manoma na Babban Banki da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a 2015 ya iso yankinmu, wasu sun amfana, wasu sun ɗauke shi rabon ganima. Ni ban shiga ba, lokacin ba ni da ƙungiya. Ra'ayina a kan bashi kuwa bai sauya ba: tambayar farko ba nawa ne ruwansa ba, yaushe ne biya. Duk bashin da wa'adinsa ya faɗo a Nuwamba zai tilasta maka sayarwa ranar da kowa ke sayarwa. Ba da kaka ce mai takarda da hatimi.

Da makiyaya kuwa ban tsaya jiran rigima ba. Gonata ta tudu na kusa da burtali, na bar musu hanyarsu yadda take, na dasa aduruku a iyaka. Da kaka, in na kwashe amfani da harawa, nakan aika wa Arɗo cewa kara ya zama nasu, su kwana a gonar su bar mini taki. In aka yi ɓarna kafin lokacin, wurin Jauro muke zuwa a kimanta a biya. Ba kullum ake rabuwa ana dariya ba.

Shekarar da ta gwada tsarin nan duka ita ce 2025. A tsakiyar 2024 buhun masara ya haura naira 70,000, kowa ya ce masara ce arziki, har ma'aikatan birni suka shigo haya. Cikin Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da harajin shigo da masara, shinkafa, alkama da wake na kwana 150 don a sami sauƙin abinci. Kaya suka shigo, namu ma ya yi yawa, farashi ya fara gangarowa bai tsaya ba. A kakar 2025 buhun masara bai kai rabin kuɗinsa na da ba, har ya zama sai ka sayar da fiye da buhu ɗaya kafin ka sayi buhun taki ɗaya. Shinkafa ma ta bi sahu. Masu saye a birni sun ji daɗi, kuma ba na ganin laifinsu, yunwar 2024 ba wasa ba ce. Amma ajiyar da ta saba biya, a wannan karon ci ta yi. Masarar da na riƙe daga kakar 2024 na sayar da ita ƙasa da yadda aka taya ta ranar da aka casa ta. Na san waɗanda suka sayar da babur da shanun huɗa don su biya bashin taki.

Abin da ya riƙe ni shi ne ba wanda ke bi na bashi, kuma kayana ba kasuwa ɗaya suke bi ba. Riɗi da dala da masu fitarwa yake tafiya, bai damu da abin da aka shigo da shi ta tashar jiragen ruwa ba. Raguna da Layya suke tafiya. Sun rufe ramin masara, ko da yake ba su bar rarar da zan yi abin da na so yi ba, wato gina sito na bulo a maimakon ɗakin da nake haya.

Yanzu hekta 4 nake nomawa da damina, ɗaya ta Baba, uku haya, sai hekta ɗaya a fadama. A damina mai zuwa masara ba za ta wuce ta ci da ta dusar raguna ba, sai in taki ya sauko kafin Afrilu. Sauran riɗi ne da wake da waken suya, kuma zan jira hasashen damina da hukumar kula da yanayi ta NiMet ke fitarwa a farkon shekara kafin in yanke wane iri zan saya, mai saurin nuna ko mai jinkiri. A ƙungiya kuma muhawarar da muke ciki ita ce ta shanshera. Mutum shida na son mu daina sayar da ita ɗanya, mu ba matan gari su turara, mu kai inji a casa, mu ɗura a ƙananan buhuna mu kai shagunan Gombe da kanmu. Huɗu na cewa ba tare da injin cire tsakuwa ba, ba mai sayen ta sau biyu, kuma kuɗin injin ya fi abin da ke asusunmu. Ina cikin shidan, amma na yarda da maganar tsakuwar. Mun tura mutum biyu Kano su tambayo farashin na hannu, za mu zauna in sun dawo.